Neman wurin koyon bugun besbol a Kano: inda za ka duba, wanda za ka tambaya, da yadda za ka kafa naka

Duk wanda ya zo min da tambayar inda ake koyon besbol a Kano, wato wasan da ake jefo ƙwallo mutum ya doke ta da kulki ya ruga, kafin in ba shi amsa sai na tambaye shi: bugu kake son ka iya, ko cikakken wasa kuke son ku yi, tara nan tara can? Domin wurin da za a nema ya bambanta. Cikakken wasa na manya ya fi ƙwallon ƙafa cin fili. Daga inda mai bugu yake tsayawa zuwa shingen da ke can ƙarshen fili ta tsakiya ana neman kusan mita 120. Koyon bugu kuwa, wanda shi ne mafi wuya a wasan kuma shi yake cinye lokacin ɗan wasa, siririn wuri mai tsawo ya ishe shi. Yawancin masu tambayata bugun suke buƙata, ko da filin suke ambata.

Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare ta ɓangaren Gwale. Ɗalibai ne suka jawo ni cikin harkar, da bidiyoyin da suke kallo a YouTube suna kawo min: "Malam, ina ake wannan a garin nan?" Abin da suke nuna min keji ne na raga, dogo, mutum ya shiga ciki da kulki, inji yana harbo masa ƙwallo yana dokawa, ragar tana tarewa. A Amurka da Japan da Koriya ta Kudu sana'a ce, ka biya a harbo maka ƙwallayen kuɗinka; a Tokyo har a kan rufin benaye ake kafa su. Wanda ya tari a-daidaita-sahu a Kano yana neman irin wannan da allon suna a bakin titi, kuɗin motarsa zai ƙare bai doki ƙwallo ko ɗaya ba. Mu a nan wuri ake nema mai girman da ya dace, a san mai shi, a roƙe shi, a rataya raga.

Saboda haka ka fara riƙe awo a ka, don kada ka tsaya gaban wuri kana cewa "ai kamar zai yi". Daga tudun mai jifa zuwa farantin da mai bugu yake tsayawa a gefensa ƙafa 60 ne da inci 6 a wasan manya, wato mita 18.44. Na yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa ƙafa 46 ne, mita 14. Na sofbol ɗin mata, wasa mai kama da besbol wanda ake jefo ƙwallonsa ta ƙasan hannu, ƙafa 43. Shi ya sa cikakken keji yake da tsawon ƙafa 70, faɗin ƙafa 14, tsayin ƙafa 12, don a bar sarari a bayan mai bugu da bayan mai jifa. Akwai gajere mai ƙafa 55, kuma ya ishi yara har ya yi saura.

Tunda da ƙafa muke auna fuloti, lissafin ya zo mana da sauƙi. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 zai ɗauki cikakken keji a gefe guda, har a samu wurin ajiye babura. Ko ɗan ƙaramin nan mai hamsin-hamsin, idan aka shimfiɗa kejin a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, mai tsawon ƙafa 55 da faɗin 12 zai shiga, domin tsakanin kusurwoyin ya ɗan haura ƙafa 70.

Kuma kada gajartar wuri ta sa ka haƙura. Abin da mai bugu yake saba wa idonsa da shi lokaci ne. Ƙwallon da aka jefo da gudun kilomita 140 a awa daga nisan mita 18 tana isowa cikin ƙasa da rabin sakan. Idan aka jefo ta da gudun kilomita 70 daga mita 9, lokacin ɗaya ne. Ƙwararrun ma a atisayen bugu daga kusa ake jefo musu, mai jifa yana tsaye a bayan garkuwar raga da ke kare shi daga ƙwallo. Ke nan lungu mai mita 12 ma wuri ne.

Kafin ka taka ƙafa ko'ina, buɗe Google Maps ka juya shi zuwa hoton sama. Rubuta sunan wasan a wurin bincike ba kasafai yake haifar da abin kirki ba, gara ka bi unguwarku da makwabtanta da ido, kana neman filayen makarantu, kangwaye, bayan masana'antu. In ka ga wuri, danna shi ka riƙe har alama ta fito, ka zaɓi awon nisa, ka ja zuwa ɗaya ƙarshen. Na fi yarda da wannan a kan "wallahi filin nan ƙato ne" na abokai. Ka lura da abin da ke bayan inda ƙwallo za ta nufa: titi ne, ko gida mai tagogin gilashi, ko masallaci, ko wayar wuta? Sannan ka tuna hoton yana iya zama na bara ko bara waccan, a garin da kango yake komawa jerin shaguna kafin damina ta zagayo. Idan ka tace wurare biyu ko uku, ari tef ɗin awo wurin magini ka je da ƙafarka.

Wuraren da suka cancanci kuɗin mota

Wurin da nake fara tura mutane shi ne ƙananan filayen ƙwallo na haya, masu ciyawar roba, inda ake buga biyar-biyar. Sun yawaita a 'yan shekarun nan. An riga an kewaye su da raga ko waya, wasu har sama a rufe, ƙasa a daidaice, ga fitila. Kasuwarsu daga La'asar zuwa dare take ci, da safe a kwance suke, don haka mai wurin yana iya sassauta maka kuɗin awa idan safiya kake so. Abu biyu yake tsoro: fitilunsa da ciyawarsa. Je masa da ƙwallon tanis ko ta roba a hannu ka nuna masa da ita za ku fara, ka ce za ka shimfiɗa tsohon kafet a inda mai bugu zai riƙa murza ƙafa. Amma ka duba idon ragarsa. Kaurin ƙwallon besbol bai kai santimita 8 ba, idon ragar ƙwallon ƙafa kuwa yakan kai 10 zuwa 12. Za ta wuce ta ciki ba tare da ta taɓa zare ba, saboda haka ko a nan ɗin sai ka rataya taka ragar daga ciki.

Sai 'yan kurket. Duk inda ake kurket da gaske, wadda ita ma wasan jifa da bugun ƙwallo ce, akwai layin raga na atisaye, kuma filin jifarsu yadi 22 ne, mita 20 da 'yan kai, kusan daidai da abin da kake nema. Kurket ta fi besbol kafuwa a ƙasar nan; 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 har Niyu Zilan suka doke a gasar duniya ta 2025 a Malesiya. Idan kana da wanda ka sani a masana'antun Bompai ko Sharaɗa ko Challawa, sa shi ya tambayi Indiyawa da 'yan Pakistan da suke aiki tare inda suke taruwa su buga ranar hutu. Mutumin da yake da raga da hular kwano da ƙwallo mai tauri ya riga ya fahimci matsalarka, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Ɓangaren hukuma kuma, ka je filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata da safe, lokacin da masu atisaye suke nan, ka nemi jami'an Hukumar Wasanni ta Jiha ko masu horarwa. Kada ka ce "ina filin besbol?", za a ce maka babu a sallame ka. Ka ce: "Ranka ya daɗe, wa yake kula da ɓangaren besbol da sofbol, ko kurket? Ina da yara da suke son koyo." Masu horar da ƙananan wasanni sun san juna, kuma lambar waya ɗaya daga wurinsu ta fi yawon mako guda. Haka za ka yi a sashen koyar da motsa jiki da lafiya na Jami'ar Bayero, da kwalejojin horar da malamai irin Sa'adatu Rimi ta Kumbotso. Malaman waɗannan sassa su suka fi kowa sanin inda tsofaffin kayan wasanni suke kwance a sito, da wanda ya taɓa halartar kwas a kan wasan.

Akwai kuma hanyar da mutane ba sa tunawa da ita: 'yan bautar ƙasa. Duk zangon da aka sallamo daga sansanin Kusalla na Ƙaraye yana ɗauke da matasa daga Kwara da Legas, inda wasan yake da jijiya. Ka sa a yi maka cigiya a zaurukansu na WhatsApp. Wanda ya taɓa buga wasan yana makaranta, aka turo shi Kano babu abokin jifa, da murna zai zo maka, kuma sau da yawa safar hannunsa ta cafe ƙwallo tana cikin jaka.

Filin makaranta shi ne na masu son cikakken wasa na yara. Ka kafa farantin a kusurwar filin ƙwallon ƙafa, layin gefe da layin bayan raga su zama iyakokinka biyu. Tashoshin da mai bugu yake gudu yana takawa bayan ya doki ƙwallo, na yara ƙafa 60 ne tsakaninsu, shingensu kuma ƙafa 200, mita 61. Filin ƙwallon ƙafa mai cikakken awo faɗinsa mita 68 ne, ya ishe su. Manya ne zai yi wa kaɗan, don su tashoshinsu ƙafa 90 ne kuma bugunsu yana tafiya.

Kango mai katanga da tsohon sito da aka daina amfani da shi, su ne na masu son wuri na dindindin. Siton ya fi, don rana da ruwa ba sa taɓa raga, sai dai ka auna tsayin rufin, kada ya gaza ƙafa 12, kuma ka ɗaga kulki ka juya shi sosai ka ga ba ya taɓa ginshiƙi.

Nan ne maganar roƙo take shigowa, kuma ita ce rabin aikin. A makaranta ka fara da maigadi. "Baba, ina kwana? Wane lokaci ne filin nan ba kowa?" Shi ya san ranar da 'yan ƙwallon unguwa suke zuwa, da ranar da ake ɗaurin aure a buƙaci filin don ajiye motoci, abin da shugaban makarantar ma ba lallai ya sani ba. Daga nan ka rubuta takarda, gajera: su wane ne ku, yara nawa, wane babba ne zai tsaya a kansu, wace rana da wane lokaci, wace irin ƙwallo. Sai layin da yake buɗe ƙofa: duk gilashin da ya fashe ko fitilar da ta lalace, ni zan biya. Ka nemi a sa maka hannu da hatimi, domin izinin baki yana tafiya ne tare da wanda ya bayar ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. Idan kango ne, bayan mai shi ka gaida mai unguwa, ka kuma shiga gidajen da suke jikin katangar da kanka ka yi bayani tun kafin ƙwallo ta faɗa tsakar gidan wani.

Za a tambaye ka amfanin wasan, tabbas. Ni abin da nake cewa ke nan: wasa ne na Olamfik, zai dawo a gasar Los Angeles ta 2028 shi da sofbol, yaran Lugazi na Yuganda sun je gasar duniya ta yara a Amurka a 2012, Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya shiga babbar gasar ƙwararru ta Amurka a 2017 da ƙungiyar Pittsburgh Pirates. Ba na yi wa kowa alƙawarin ɗansa zai tafi waje. Ina dai nuna cewa ba shirme muka ƙirƙiro ba. Ga 'yan mata, makarantarsu mai doguwar katanga ita ce wuri mafi dacewa, malama tana tsaye, iyaye sun sani, kuma sofbol ya fi sauƙin shiga don filinsa ƙarami ne.

Kafa kejin

Kayan ƙarfe a Ƙofar Ruwa za ka same su. Bututu mai inci 2 wanda ba ya tsatsa, a yanka maka ƙafa 15-15: uku a cikin ƙasa da kankare, goma sha biyu a sama. Dirkoki huɗu a kowane gefe sun riƙe cikakken keji, a haɗa kowane biyu da bututu ta sama, a ja wayar ƙarfe layi uku daga farko zuwa ƙarshe, ɗaya a tsakiya biyu a gefe. A jikin wayar ake maƙala raga da ƙugiyoyi, yadda za a iya zuge ta gefe guda. Idan wurin aro ne ba a yarda ka haƙa rami ba, a dasa dirkokin cikin tsofaffin tayoyin babbar mota da aka cika da kankare, a ɗaure na ƙarshe da igiya zuwa turaku a ƙasa don kada nauyin raga ya rinjaye su. Wanda ya samu katanga biyu masu fuskantar juna ya huta: ƙugiya a bango, waya, shi ke nan.

Raga ce take cin kuɗi, ita ce kuma ake cutar mutum a kanta. Ka tafi kasuwa da ƙwallon a aljihu. Idon raga kada ya wuce santimita 4 da rabi, zaren kuma mai kauri ne, milimita 2 zuwa 3, mai ƙulli. Ka duba wurin masu kayan wasanni da masu kayan kamun kifi a Kasuwar Sabon Gari. Siririn zaren kamun kifi mai kama da gashi bai yi ba, bugu kaɗan zai yage shi. Wayar kejin kaji ma ka bar ta: tana dawo da ƙwallo kan mai bugu, tana kuma yanka fatar ƙwallon. Idan ba ka samu mai girman da kake so ba, masu saƙa koma na wajen Wudil ko Tiga sun iya haɗa ƙyallaye su zama ɗaya, kuma su ne za ka koma wa ranar da ta ɓarke. Ranar Kano tana cin zaren nailan, tana busar da shi har ya riƙa karyewa. Zaren roba irin na igiyar shanya ya fi jure rana kuma ba ya shan ruwa.

Wurin ratayawa akwai kuskuren da kusan kowane mai walda zai so ya yi maka saboda son aiki ya yi kyau: zai ja ragar ta yi tsam. Ka hana shi. A sake ake barin ta, ta yi lilo, kamar ƙafa ɗaya tana kwance a ƙasa, domin sakin ne yake shanye ƙarfin ƙwallo ta faɗi a wurin. Ka bar aƙalla ƙafa biyu tsakanin raga da bango ko dirka, in ba haka ba ƙwallo za ta tura ragar ta daki ƙarfe ta dawo. Ɓangaren da ya fi shan bugu, wato can ƙarshe, a ninka shi ko a rataya tsohon kafet ko tamfol a gabansa.

Garkuwar mai jifa ba abin da ake ɗagawa zuwa wani wata ba ne. Firam ne na bututu, ƙafa 7 tsayi da 7 faɗi, an yanke kusurwa ɗaya ta sama inda hannu zai fito, an lulluɓe shi da raga ninki biyu. Zana wa mai walda a takarda, aikin yini ɗaya ne. Ƙwallon besbol giram 142 zuwa 149 ce, da tauri, kuma idan babban mutum ya same ta daidai tana barin kulki da gudun da ya wuce kilomita 150 a awa. Mai jifa da yake mita 10 daga wurin ba shi da lokacin kaucewa. A kejina ba a jifa babu garkuwa, ba a bugu babu hular kwano, kuma mutum ɗaya ne yake riƙe kulki a ciki. Yaron da ya ɗauki kulki a waje yana wulwulawa cikin 'yan'uwansa, ranar ya gama.

Abin da ya fi komai arha kuma ya fi komai gyara bugu shi ne turke. Bututun roba na famfo, an dasa shi cikin gwangwanin fenti mai kankare, an soka guntun tiyon lagireto a samansa don a ɗora ƙwallo. Yi guda biyu ko uku masu tsayi daban-daban, daga gwiwa zuwa ƙirji. Da turke da ƙyallen raga mai mita 3, tsakar gida ma wurin atisaye ne. Manyan 'yan wasan duniya ba su daina bugu a kan turke ba, don haka kada yaro ya raina shi. Daga turke sai jifar gefe, inda wani zai durƙusa a gefen mai bugu yana cillo masa ƙwallo a hankali, sannan jifar gaba daga bayan garkuwa. Injin jifa shi ne na ƙarshe a lissafina. Yana da tsada, yana son wuta tsayayya, kuma idan tayar da yake harbo ƙwallo da ita ta cinye sai an yi odar wata. Kuɗinsa gara a zuba su a ƙwallaye, domin atisaye da ƙwallo biyar rabinsa tsintuwa ne.

Kayan wasa kuwa, ka riƙa leƙa 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai da Sabon Gari. Lokaci-lokaci safar hannu takan faɗo cikin dila, mai ita bai san ta mece ce ba. Bar masa hoto da lambarka. Idan igiyar safar ta tsinke, dukawan Kasuwar Kurmi za su yanka maka fata su sake ɗinke ta. Ƙwallaye da huluna, 'yan kasuwarmu masu zuwa Sin za su iya haɗo maka cikin kayansu. Ka fi ba da ƙarfi ga ƙwallon roba mai ramuka-ramuka don keji, ta fata ka adana ta don fili, domin siminti da tsakuwa suna cinye ɗinkinta. Kulkin manya inci 32 zuwa 34 ne, na 'yan shekara 10 zuwa 12 kuma tsakanin 28 da 31. Gwaji mai sauƙi: yaro ya riƙe shi da hannu ɗaya a miƙe gefe, in ya kasa riƙewa rabin minti, ya yi masa nauyi. Kafinta mai injin gurza zai iya fitar maka da na atisaye idan ka kai masa samfur, amma ka zaɓi katako mai miƙaƙƙen zare marar ido, kuma ban da ƙirya, ta taɓarya ce, nauyinta zai ɓata wa yaro hannu. Hular kwanon babur ba ta maye gurbin ta bugu, tana da nauyi tana kuma tare gani. Ta kurket ta fi kusa.

Wajen Kano, wurare biyu ne suka cancanci tafiya. Babban filin wasa na ƙasa da ke Abuja, wanda aka sa wa sunan Moshood Abiola a 2019, yana da ɓangaren besbol da sofbol tun wasannin Afirka na 2003, inda Najeriya ta zo ta biyu a besbol a bayan Afirka ta Kudu. Tafiyar ta haura kilomita 400 ta Zariya da Kaduna, ko ka sauka Rigasa ka hau jirgin ƙasa. Sai Ilori, da filin besbol na Adewole, wadda tafiyar yini ce cur. Duk wanda za ka je, kada ka tashi sai ka yi magana da wani ta hannun Ƙungiyar Besbol da Sofbol ta Najeriya, ka ji ranar da ake atisaye. Ka je da tef ɗin awo da waya mai caji, ka ɗauko hoton yadda suka ɗaure raga da yadda suka gina tudun jifa. In da hali ka tafi da babban ɗalibi ɗaya wanda zai dawo ya koya wa saura.

Wanda kuma ba shi da kuɗin raga ko kulki a yanzu, ya fara da Baseball5, wanda hukumar wasan ta duniya ta fito da shi daga wasan titi na Kyuba. Mutum biyar-biyar, ƙwallon roba ɗaya, da tafin hannu ake bugu, tashoshi mita 13 tsakaninsu. Filin kwando ko harabar makaranta ya isa. An yi gasar duniyarsa ta farko a birnin Meziko a 2022, kuma yana cikin wasannin Olamfik na matasa na Dakar 2026. Yara suna koyon gudu tsakanin tashoshi da cafka da dokoki kafin kulki ya zo.

Saura fuska da lokaci. Littafin dokokin besbol ya so layin da ya tashi daga faranti ya bi ta kan mai jifa ya nufi gabas mai ɗan karkata arewa, don kada ranar yamma ta shiga idon mai bugu. A Kano wannan kusan daidai yake da alƙibla, saboda haka ba ka buƙatar kamfas: dubi masallacin da ke kusa, ka sa mai bugu ya kalli inda liman yake kallo. Wannan na masu atisayen yamma ne. Idan da safe za ku riƙa yi, juya kejin, ko ka shimfiɗa shi kudu da arewa ya yi maka aiki safe da yamma.

Ranakun Alhamis da Juma'a da yamma ne yara suka fi samuwa, tunda babu Islamiyya, sai dai a lokacin ne 'yan ƙwallon ƙafa suke cika kowane fili. Wannan ma dalili ne na samun keji naka. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi yake haura digiri 40, daga bayan Asuba zuwa ƙarfe tara ne kawai lokacin kirki, da jarkar ruwa a gefe. Da hunturu a yayyafa wa ƙasa ruwa kafin a fara, kuma a ɗumama kafaɗa sosai. Ka riƙa ƙirga jifar yara: ƙa'idar gasar yara ta Amurka ita ce kada ɗan shekara 9 zuwa 10 ya wuce jifa 75 a rana, ɗan 11 zuwa 12 kada ya wuce 85, kuma wanda ya haura 65 ya huta kwana huɗu. Yaron da ya fi kowa iya jifa shi kowa yake so ya jefo masa, shi ne kuma gwiwar hannunsa take fara ciwo, don haka ka ba wani littafi ya riƙa rubutawa.

Da ka ga hadarin farkon damina ya fara haɗowa a watan Mayu ko Yuni, zuge ragar ka sauke ta, domin iskar da take zuwa gaban ruwan tana iya kwantar da dirkoki idan ta samu abin kamawa. A Agusta, da ruwa yake sauka kusan kullum, ku koma turke a ƙarƙashin rumfa. Ragar kuma a bari ta bushe sarai, a naɗe ta cikin buhu a rataye a sama, kada a ajiye ta a ƙasan sito inda ɓera zai same ta.